Ti Deolinda, Mai Shafa wa Vale Pardo Farar Ƙasa

Kafin in buɗe shagona na kofi da safe, Ti Deolinda Carapinha, wato Inna Deolinda a bakin mutanenmu, ta riga ta wuce. Ba sai na gan ta ba. Ɗigon fari nake gani a kan duwatsun layinmu, daga ƙofar gidanta har inda aikin ranar ya kai ta, don bokitinta bai taɓa tafiya bai yi zuba ba. Tsani a kafaɗa, doguwar gora mai buroshi a baki a hannu, baƙin ɗankwali, a samansa malafar mijinta marigayi Baltazar. Idan hantsi ya yi sai ta dawo ta tsaya gaban kantata, ta sha kofinta a tsaye.

"Zauna mana, Ti Deolinda. Kujerun nan ba na haya ba ne."

"In zauna in ɓata maka su, matarka ta zage ni har Lahadi? Zuba min kawai, Custódio. Kuma yau ka daure ka sa kofi a cikin ruwan."

Haka muka yi shekara talatin da ɗoriya, ni da ita. A watan jiya ta ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, shugaban ƙauye bai ma san ta ajiye ba sai da aka gaya masa a nan shagona, ya ce ai kuwa ya kamata a yi wani abu, ya shanye kofinsa ya tafi. To ni ba marubuci ba ne, mai tafasa ruwa ne. Amma tunda masu iya magana sun yi shiru, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Gidajenmu na Vale Pardo na ƙasa ne, kamar na kowane ƙauye a wannan yanki na Alentejo. Bangon ƙasa kuwa in ba a sa masa rigarsa ta farar ƙasa duk shekara ba, ruwan sama zai cinye shi kamar burodi a miya. A da kowace mace ita ke yi wa gidanta kafin bikin Ista. Deolinda ta koya a hannun mahaifiyarta, ta kuma mayar da shi sana'a tun tana budurwa: ta jiƙa gasasshen dutse a duro har ya tafasa ya yi laushi, ta jefa kitse a ciki, ta bar shi ya kwana biyu, sannan ta bi bango da shi hawa-hawa, ta ja shuɗin layi a ƙasa da gefen ƙofa da taga, ba igiya ba ma'auni.

Sai zamanin siminti ya zo. Waɗanda suka je Faransa da Jamus neman kuɗi suka dawo suna ƙyamar gidajen da aka haife su. Ginin ƙasa ya zama abin kunya, alamar wanda bai je ko'ina ba. Aka yi ta yaɓa siminti, aka yi ta shafa fentin gwangwani. Na ji da kunnena wata mata, wadda Deolinda ta yi wa uwarta aiki shekara da shekaru, tana ce mata a bakin famfo:

"Har yanzu kina nan da wannan kunun naki? Duniya ta wuce ki, maƙwabciya."

"Ta gaishe su in ta isa," in ji Deolinda, ta ɗauki bokitinta.

Aiki ya ragu har ya kusa ƙarewa. Ta koma tsinkar zaitun da sanyi, girbin inabi da zafi. Ƙauyen kuma ya yi ta zubewa. Makaranta ta rufe. Tsofaffi suka yi ta mutuwa, 'ya'yansu na Lisbon da Lyon suka zo jana'iza, suka kulle ƙofa suka tafi da makulli. A ƙasan layinmu kaɗai gidaje sun fi rabi babu kowa a ciki sai ɓeraye.

A nan ne ta fara abin da ya sa nake wannan rubutu. Wata bazara na ga ta jingina tsani a gidan marigayiya Ti Perpétua, wanda aka kulle tun bara waccan. Na ce wa ya sa ki? Ta ce babu. Na ce to wa zai biya ki? Ta dube ni daga saman tsani.

"Perpétua ba ta taɓa barin bangonta ya yi baƙi ba tana da rai. Don ta mutu sai mu tona mata asiri?"

Daga gidan Perpétua ta wuce na gaba, daga na gaba ta wuce na gaba. Duk shekara, idan ta gama aikin da ake biyanta, sai ta bi gidajen matattu da na matafiya da abin da ya rage a duro. In ta ga tsaga ta cike da ƙasa, in ta ga rufi ya zame ta zo ta dame ni da Baltazar har sai mun hau mun gyara. Masu gidajen ba su sani ba. Waɗanda suka sani ba su tambaya ba, don wanda ya tambaya zai ji nauyin biya.

Ke ce, Ti Deolinda, idan an yi rasuwa bayan doguwar jinya, kike zuwa washegarin binnewa ki fitar da gado, ki shafe ɗakin tas, don kada wanda aka bari ya kwana cikin warin ciwo. Kin yi wa mahaifina, ban manta ba. Mahaifiyata ta shiga ɗakin bayan kin gama, ta ce min, "Yau zan iya barci." Ba ki karɓi komai ba sai miyar burodi da tafarnuwa da ta matsa miki ki ci.

Ke ce kuma kika ba da idonki na hagu. Ana shirin bikin waliyyin ƙauye, kina jiƙa dutse don bangon coci, duro ya yi tartsatsi ya watsa miki a fuska. Kafin a kai ki asibitin birni ido ya tafi. Fada, limamin cocin, ya yi miki addu'a ranar Lahadi, an ambaci sunanki sau ɗaya. Da kika warke kika koma kika ƙarasa bangon, don kin ce rabi fari rabi toka ya fi ciwon idon damunki.

Gidan da take ciki ba nata ba ne. Na Senhor Aníbal Murteira ne, mai gonaki a yammacin ƙauye. Tun lokacin aurenta suka yi magana ta baki da Baltazar: su zauna a gidan muddin suna raye, ita kuma ta riƙa shafa masa gidan gonarsa da rumbunansa duk shekara. Ba takarda, ba sa hannu. A lokacin in namiji ya faɗi magana a gaban mutane, ta zauna. Senhor Aníbal bai taɓa saɓawa ba, ita ma haka. A gidan ta haifi ɗanta Hélder, a gidan Baltazar ya cika. Duk wanda ya shigo Vale Pardo ya san gidan, don farinsa har ido yake kashewa da rana.

Shekara goma da suka wuce wata yarinya ta shigo shagona da ƙura a takalmi, ta ce sunanta Mafalda Teles, mai zanen gine-gine ce daga Lisbon. Wani likita ya sayi kangon gida a bayan coci, yana son ta mayar masa da shi gidan hutu. Ta ce ba za ta sa siminti ko cokali ɗaya ba. Ƙasar wurin za ta yi amfani da ita, da kara a rufi, da gasasshen yumɓu a daɓe, da farar ƙasa a bango. Mazan da ke zaune suka yi dariya. Wani ya ce mun sha wuya mun fita daga laka, ga 'yan boko sun zo za su biya kuɗi su shiga. Ba ta kula su ba. Tambaya ɗaya ta yi: wa ke shafa gidajen nan da babu kowa a ciki?

Ba zan yi wa Mafalda ƙarya ba, ta san aikinta, kuma ba ta da girman kai. Ta san abubuwan da Deolinda ba ta sani ba, yadda za a shigar da bututun ruwa bango bai jiƙe ba, yadda za a buɗe taga ginin bai raunana ba. Deolinda kuma ta san ƙasar kowane rami a yankin nan da halinta. Suka haɗu kamar uwa da 'ya. Nakan gan su zaune a kan tulin ƙasa suna cin burodi da cuku, suna musu a kan shuɗi.

"Wannan ya yi duhu, Ti Deolinda."

"Jiƙe yake, 'yar nan. Ke ma in aka tsoma ki a ruwa duhu za ki yi. Bari ya sha rana."

Ban taɓa ganin Deolinda cikin farin ciki irin na shekarun nan ba. Abin da aka yi ta yi mata dariya a kansa, ga shi masu digiri suna zuwa daga nesa su tsaya su kalla. Gidan likita ya fito a mujalla. Bayansa aka yi na biyu, aka yi na biyar. Baƙi suka fara zuwa da manyan motoci, suna ɗaukar hoton layinmu, suna cewa ba su taɓa ganin ƙauyen da aka adana haka ba.

Masu makullan Lisbon da Lyon kuwa sai ga su. Mutanen da ko kabarin iyayensu ba sa zuwa gani suka tuna suna da gado. Suka tarar da gidajensu a tsaye, fari fat, ba tsaga ba yoyo, suka sayar da tsada. A ƙauyukan da ke kusa da mu irin waɗannan gidaje sun zama tudun ƙasa, ba mai saye ko da kuɗin akuya. Namu sun tsaya ne don mace ɗaya mai ido ɗaya. A cikin duk waɗanda suka sayar, mutum ɗaya ne ya tuna da ita. Kwalin cakulan ya aiko mata, ita kuwa ciwon sukari gare ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Senhor Aníbal ya rasu bara da sanyi. Ba shi da ɗa, sai ɗan ƙanwarsa, wani Rui, da ko sau uku ban taɓa gani a ƙauyen nan ba. Bayan wata biyu ya zo da mai sayar da gidaje. A nan shagona ya same ta, ya yi mata magana da ladabi, har da cire hula.

"Dona Deolinda, na san akwai wata fahimta tsakaninku da kawuna. Amma na duba ko'ina, ban ga komai a rubuce ba."

"Ba za ka gani ba. Kawunka bakinsa ne takardarsa."

"To kin ga, shi ke nan matsalar. Ba korar ki nake yi ba, ki fahimce ni. Ki ɗauki lokacinki, zuwa ƙarshen bazara."

Hoton da aka sa a tallan gidan, bangonta ne da tukwanen furanninta. A ƙasa aka rubuta cewa gida ne na gargajiya da aka kula da shi da ƙauna. Wannan kam ba su yi ƙarya ba. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ga Deolinda ya zama.

Hélder ya zo daga Barreiro, inda yake tuƙin bas, ya nemi lauya. Lauya ya ce za a iya gwadawa, amma shari'ar za ta daɗe, kuma shaidun maganar duk suna maƙabarta. Deolinda ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali tana rantsuwa a kan abin da kowa ya sani ba. Muka nema mata wani gidan haya a ƙauyen. Babu. Wanda ba a sayar ba ana ba baƙi haya da kwana, kuɗin dare biyu ya fi abin da take samu na fansho a mako. A layin da ta hana rushewa, ba a samu ɗaki ɗaya da za ta sa gadonta ba. Sai matata Graciete ta share mata ɗakin da muke ajiye akwatunan lemo a bayan shago.

Wata mata daga Lisbon, Dona Leonor, ita ta sayi gidan, kuma ba wanda ta nema ya tsara mata shi sai Mafalda. Da Mafalda ta ga adireshin, ta tuƙo mota ta zo. Ina tsaye ina wanke kofuna ta ce wa Deolinda ba za ta karɓi aikin ba, ko nawa za a ba ta.

"In ba ki karɓa ba wa zai karɓa?"

"Ban sani ba. Ko waye, ba ni ba."

"Ni na sani. Wani ne zai zo ya yaɓa masa siminti, ya toshe masa numfashi, shekara biyar bango ya ruɓe daga ciki. An raba ni da shi, na ji. So kike a kashe shi kuma? Karɓi, 'yar nan. Ni zan yi miki shafen."

Mafalda ta kifa kai a kan kantata. Deolinda ta ce min in ba yarinyar ruwa.

Na bi su ranar da suka zagaya gidan, don ni na riƙe musu ma'auni. Deolinda na gaba tana nuna inda danshi ke tasowa da damina, inda katakon rufi ya fara cin ƙwaro, inda Baltazar ya taɓa toshe wata tsohuwar ƙofa. Mafalda na rubutawa, ba ta ɗaga kai. Aka tsara babban murhun girki zai zama wurin zama da karatu. Ɗakin aladu zai zama wurin wanka na baƙi. Da suka zo ɗakin kwana, Mafalda ta ce a hankali, mai gidan tana son a fasa bangon nan a sa babbar taga mai kallon gonakin zaitun. Deolinda ta daɗe tana kallon bangon. A jikinsa gadon Baltazar yake lokacin jinyarsa.

"Fasa," ta ce. "Ya sha cewa ɗakin nan ya cika duhu."

Wata bakwai ana aiki. Ita ta yi shafen farko, ita ta yi na ƙarshe, tana da shekara saba'in da huɗu, gwiwa na ciwo, tana hawa tsani da ƙafa ɗaya-ɗaya. Graciete ta ce mata ta bari, wannan ai cin fuska ne. Ta ce cin fuskar da aka yi mata daban, bango daban, bango bai yi mata komai ba. Ni dai a ganina ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

Ranar buɗe gida Dona Leonor ta gayyaci ƙawayenta, ta gayyaci ma'aikata, aka kawo giya da naman alade da zaitun. Mace ce mai fara'a, ba ta da mugunta, kuma ba wanda ya gaya mata ko wace ce ta zauna a gidan kafin ita. Mai sayarwa ya ce mata tsohuwar da ke ciki ta koma wurin dangi. Ta ga Deolinda a gefe da ɗankwali da malafa, ta ji daɗi, ta kamo hannunta.

"Dona Deolinda, zo a yi miki hoto. Tsaya nan bakin ƙofa, ki ɗan jingina, kamar gidanki ne."

Maginan suka sunkuyar da kai. Mafalda ta buɗe baki, Deolinda ta ɗaga mata hannu.

"Na iya," ta ce.

Ta je ta tsaya, ta jingina, aka ɗauka. Na ji an ce hoton yana nan a rataye a falo. Daga baya Mafalda ta gaya wa Dona Leonor gaskiya, matar ta yi kuka, ta zo shagona tana cewa da ta sani. Ta ce Deolinda ta riƙa zuwa duk lokacin da take so, ƙofa a buɗe take. Deolinda ta yi mata godiya. Ba ta sake taka ƙofar gidan ba.

Yanzu tana Barreiro wurin Hélder, a hawa na biyar. Surukarta mutuniyar kirki ce, ta ba ta ɗaki mai kallon titi. Na kira ta ranar Lahadi, na tambaye ta yaya birni. Ta ce lafiya lau, ruwan zafi na zuwa da kansa, sai dai ta rasa abin da mutane ke yi da hannuwansu tsakanin safe da rana.

Ti Deolinda, uwar bangon Vale Pardo, na gode. Na gode a madadin matattun da kika rufa wa asiri, tunda su ba su da baki. Na gode a madadin masu rai da suke da baki amma suka cika shi da kuɗin gida. Ke ce kika riƙe ƙauyen nan a tsaye lokacin da masu shi suka juya masa baya, har ya yi darajar da ke kanki kika gagara zama a cikinsa. Ba mu biya ki ba, kuma rubutun mai shagon kofi ba biya ba ne. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya tsare miki idon da ya rage.

Ku kuma da kuke zuwa hutu, muna maraba da ku, ku sha iska, ku taɓa bango ku ji sanyinsa. Amma kafin ku sa hannu a takardar saye, ku tambayi maƙwabci wa ke kwana a gidan, kuma ina zai koma. Masu zanen gidaje, kun iya tambayar daga wane rami aka ɗebo ƙasa, ku riƙa tambayar ina mai hannun take kwana. Mu 'yan ƙauye kuwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai sauran tsofaffi a nan da ke zaune a kan maganar baka. Mu kai su a rubuta tun masu maganar na numfashi.

Wanda kuma yake son ya yi koyi da ita, hanya a buɗe take. Ranar da za ta tafi, kafin bas ya iso, wata ƙawar Dona Leonor ta aiko a tambaye ta ko za ta sayar da gorarta da buroshin, tana son ta rataye su a bangon falonta don ado. Deolinda ta ce a gaya mata ba na ratayewa ba ne. Ta miƙo min su ta saman kantar shagon.

"Ajiye a bayan ƙofa, Custódio. Duk wanda ya zo nema ka ba shi, namiji ko mace, ɗan gari ko baƙo. Sharaɗi ɗaya, ya dawo maka da shi a jiƙe."

Suna nan bayan ƙofar shagona, kusa da tsintsiya. Ina buɗewa da ƙarfe bakwai. Ista saura mako uku, kuma har yau ba wanda ya tambaya.